Wutar da Tamimu Ya Sa wa Farin Ƙarfe

A tsohuwar Sina'iyya ta birnin Riyad, unguwar garejojin da ke kudu da kasuwar Batha, an yi wani maƙeri mai suna Tamimu. Ɗan gidan maƙera ne daga Kazaure, ya buɗe ido ya ga kakansa a gaban zugazugi, kuma ya shekara goma sha ɗaya yana walda a garejin kafilinsa, wato ubangidan da ya tsaya masa a ƙasar, wani Balarabe da ake kira Abu Mish'al. Aiki kam Tamimu ya iya shi, ko wanda ba ya ƙaunarsa bai taɓa musun wannan ba. Cutarsa ɗaya ce, ba a yi masa gyara. Ko sannu ka yi masa a kan aiki sai ya ɗage gilashin walda ya dube ka, ya ji ko akwai wata magana a ƙarƙashin sannun.

Shi Abu Mish'al ba shi da abin so kamar tsofaffin motocin Amurka na shekarun saba'in, masu ƙofa biyu da dogon hanci, waɗanda in an tayar da injinsu sai tagogin maƙwabta su ɗauki rawa. A cikinsu akwai wata koriya da ya yi shekara uku yana farfaɗowa, ko ƙuda bai yarda ya sauka a kanta ba. A sanyin shekarar 2014 ya yi niyyar kai ta tsere a wani fili bayan gari, sai masana abin suka ce masa hancinta ya yi nauyi. A bayan bambar gabanta mai ƙyalli akwai wani gundumemen baƙin ƙarfe a kwance da mariƙai biyu da suka maƙala shi a jikin shasi, wato ƙashin motar, nauyinsu ya haura kilo talatin. Masu irin waɗannan motoci sukan cire su ne su sa na alminiyon a madadinsu.

Abu Mish'al ya ce zai aika Amurka a kawo shiryayyu, sati shida sun iso. Tamimu ya ajiye guduma, ransa a ɓace. Ya ce ba zai yiwu yana raye a garejin nan a aika ƙetaren teku saboda ƙarfe biyu masu lanƙwasa ba. A sayo masa sandunan alminiyon kawai, a ba shi kwana uku. Kafilin ya tambaye shi ko ya taɓa aikin alminiyon, ya ce ƙarfe ai ƙarfe ne. Gaskiyar magana bai taɓa ba. A gidansu maƙeran baƙi ne, masu garma da gatari da takobi, suna kallon maƙeran fari a matsayin masu yi wa mata tukwane da ludaya, kuma da wannan rainin Tamimu ya zo Riyad.

Kusa da garejin akwai shagon da ake haɗa tagogi da ƙofofin alminiyon. A nan wani dattijo ɗan Maraɗi yake aiki, sunansa Oumarou, wanda ya yi shekara ashirin yana zubin tukwanen alminiyon a gida kafin ya zo. Bayan la'asar Hausawan layin kan taru a shagon shayin wani Bayamane, kuma a nan Oumarou ya ji labari. Ya bari sai da aka zuba shayi, sannan ya matso kusa da Tamimu ya yi magana ƙasa-ƙasa don kada a ce ya kunyata shi.

"Malam Tamimu, na ji za ka lanƙwasa hwarin ƙarhe. Don Allah kak ka sa mishi wuta. An riga an ba shi taurinai tun a masana'anta, in ya sha wuta taurin nan ya hita ke nan, kuma ba shi nuna ma. Baƙi shina ja, shina hwaɗa maka halin da shike ciki. Wanga ko shiru za shi yi ma."

Ya ce abin yi shi ne a yanka farantai masu kauri ninki biyu na baƙin ƙarfen, a huda su, a ɗaure da noti, ba wuta ba lanƙwasa. Ba za su yi kyan gani ba, amma za su riƙe.

Da Tamimu ya yi shiru ya shanye shayinsa, da maganar ta tsaya tsakaninsu. Amma sai ya ɗaga murya yadda har Bayamanen ya juyo. Ya ce a zo a ji ikon Allah, yau mai tukwane ke koya wa jikan Sarkin Maƙera wuta. Aka yi dariya, shi kuwa dariyar ta ƙara masa ƙaimi.

"Baba Oumarou, ka tsaya a tagoginka. Wallahi tallahi in aikin nan ya karye, na ajiye guduma na bar Riyad. Ku shaida."

Dariya ta ɗauke. Kowa a wurin ya san abin da barin Riyad ke nufi ga mutum mai iyali a gida da iƙama, wato takardar izinin zama, mai kyau a aljihu. Oumarou ya ce Allah ya huci zuciyarsa, ya tashi ya koma shago.

Washegari da safe Tamimu ya kunna wutar gas ya ɗora a kan sandar farko. Ya tsaya yana jiran ta yi ja, kamar yadda ya saba tun yana yaro, don a launi yake karanta ƙarfe. Sandar ba ta canja ba ko kaɗan. Ya ƙara wuta, ya ƙara jira, kwatsam sai tsakiyarta ya zube ƙasa kamar kunu. Abin da dattijon ya faɗa ke nan. Ya waiga bai ga kowa ba, ya tura narkakken da ƙafa ƙarƙashin tebur, ya ɗauko wata sandar. A wannan karon ya yi ta lasar ta da wuta a hankali yana gwadawa, har ta yi laushi ta bi hannunsa. Kafin kwana ukun su cika ya fitar da mariƙai biyu masu lanƙwasa irin ta na asali sak, ya goge su suna sheƙi.

Aka cire baƙin ƙarfen nan da mariƙansa, aka ɗaura bamba a kan sababbin, aka hau da motar sikeli, ta sauke kilo ashirin da huɗu. Tamimu ya hau kan bambar da takalmansa ya yi tsalle sau uku a gaban jama'a, ba ta motsa ba. Abu Mish'al ya rungume shi yana kiransa mu'allim, ya ce ranar Juma'a za a tafi fili.

Ranar Alhamis Oumarou ya sake zuwa, da wata ƙusa a hannu. Ya durƙusa gaban motar ya karci mariƙin a wurin da yake miƙe, ƙusar ta zame. Ya karci wurin lanƙwasar, ta nutse ta bar zane mai zurfi. Ya nuna wa Tamimu, ya ce tsalle daga sama daban, ja daga gaba daban. In ma ba zai sake aikin ba, to ya taimaki kansa kada a ja motar ta nan. Tamimu ya ga zanen da idonsa, kuma a ransa ya gane. Amma leburori biyu na tsaye suna kallo, don haka ya ce dattijon ya ɓata masa aiki da ƙusa saboda hassada, ya nuna masa ƙofa.

Ranar Juma'a da hantsi babbar motar ɗaukar motoci ta iso, wadda a can ake ce wa saɗha, ta sauke gadonta ya zama gangara. Direban ya jawo sarƙa zai shiga ƙarƙashi ya maƙala ƙugiya a jikin shasi. Tamimu ya hango Oumarou tsaye a ƙofar shagonsa yana kallo. Nan take ya karɓe ƙugiyar daga hannun direban ya maƙala ta a mariƙin alminiyon, inda ya saba maƙalawa lokacin da baƙin ƙarfe ke wurin. Direban ya girgiza kai ya ce ba nan ba ne wurinta.

"Mafi mushkila," in ji Tamimu, wato ba matsala. "Aikina ne. Ja."

Injin ja ya fara naɗe sarƙa, koriyar mota ta fara hawa. Ta wuce rabi, ƙafafunta na baya sun hau gado, Tamimu ya juya ya dubi shagon tagogi yana murmushi. Bai ga lokacin da mariƙin ya fara miƙewa ba. Babu wata ƙara mai yawa, wurin lanƙwasar ne kawai ya saki ya yage, bambar ta fizge gefe guda, sarƙa ta yi sama. Motar ta gangaro da baya da dukkan nauyinta, mutane suka watse, ta tsallaka titin layin ta daki ginshiƙin siminti. Bayanta ya shige ciki har gilashi, fitilun bayan da Abu Mish'al ya yi wata takwas yana nema suka zama gari a ƙasa.

Allah ya kiyaye ba a taka kowa ba. Abu Mish'al ya zagaya motar sau biyu, ya shiga tasa ya tafi. Tamimu kuwa tun kafin ƙura ta lafa ya fara cewa alminiyon ɗin jabu ne, dillali ya cuce su. Ba wanda ya yarda da shi, don rabin layin sun ji abin da aka faɗa a shagon shayi.

Bayan kwana biyu kafilin ya kira shi ofis. Ya huce, kuma shi mutum ne mai tuna alheri. Ya ce shekara goma sha ɗaya ba ta rushewa a rana ɗaya, ba zai kore shi ba, ba kuma zai ɗora masa komai ba. Sharaɗinsa guda ne: ya riga ya roƙi mai shagon tagogi ya ara masa Oumarou, shi zai yi sababbin mariƙai, Tamimu kuma ya tsaya a gefensa ya kama masa, ya koya. Tamimu ya miƙe tsaye ya ce a buga masa takardar fita ta ƙarshe, shi ya yi rantsuwa.

'Yan'uwa suka shiga tsakani. Suka kai shi unguwar Shumaisi wurin Malam Zayyanu, wani ɗalibin fiƙihu a jami'a da ke yi musu karatu ranar hutu. Malamin ya saurara har ƙarshe, ya ce wannan ai mai sauƙi ce: wanda ya rantse a kan abu sannan ya ga barinsa ya fi alheri, sai ya yi kaffara, ya ciyar da miskinai goma, ya koma bakin aikinsa. Tamimu ya ce shi ba ya mayar da magana. Malam Zayyanu ya dube shi ya ce, "Malam Tamimu, ba rantsuwar ce ta riƙe ka ba. Riƙe wa dattijon nan ƙarfe ne ba ka so." Tamimu ya ɗauki takalmansa ya fita ko sallama babu.

Ranar tafiyarsa ya biya gareji ɗaukar kayansa. Ya tarar da Oumarou durƙushe a gaban koriyar motar, ga farantai masu kauri a shimfiɗe, yana ta fama da awo. Ido ɗaya Tamimu ya yi wa aikin ya ga ramin noti na hagu zai kauce da kusan rabin yatsa. Hannunsa har ƙaiƙayi yake yi. Ya san da zai durƙusa, minti goma sun ishe shi ya daidaita layin nan tsaf. Dattijon ya ɗago ya gan shi, ya miƙo masa alli.

"Zo ka ja mini layin ga, Malam Tamimu. Idona ba shi gani kamar naka. Ni na san ƙarhen, kai ka san motar."

Taku biyu ne tsakaninsu, kuma a lokacin babu kowa a garejin. Tamimu ya dubi allin ya daɗe. Yana son aikin nan, yana son garejin, yana son ƙamshin ƙarfe mai zafi fiye da yadda zai iya faɗa, kuma ya san dattijon ya buɗe masa ƙofar da zai shiga ba tare da ya ce ya tuba ba. Sai ya zura hannayensa biyu a aljihu.

"Jirgina ƙarfe huɗu ne," in ji shi.

Ya fita da kansa a sama, ya gaisa da mutanen layi da ƙarfi kamar mai tafiya hutu. Sai da tasi ta hau babban titin filin jirgi, garejoji suka ɓace a baya, sannan ya kifa fuskarsa a kan jakarsa ya yi kuka, direban yana ta tambayarsa ko rasuwa aka yi masa.

Darasin da ke cikin labarin nan shi ne, ƙwarewa a abu ɗaya ba ta zama ƙwarewa a kowane abu, kuma mai ilimin da kake buƙata sau da yawa shi ne mutumin da ka raina. Kuskuren Tamimu na farko rashin sani ne, wannan kuwa kowa na yin sa, kuma an yafe masa. Abin da ya raba shi da sana'arsa da abincin iyalinsa shi ne ya ga gaskiya da idonsa sau da dama, aka kuma ba shi hanyar dawowa cikin mutunci, ya ƙi saboda kada a ce an koya masa. Idan aka yi maka gyara, ka dubi maganar, kada ka dubi sana'ar mai maganar ko garinsu. Idan kuma ka riga ka yi kuskure, ka sunkuya ka karɓi gyaran tun ana miƙo maka, domin kunyar koyo ta yini ɗaya ce, nadamar ƙin koyo kuwa kai kaɗai za ka ɗauke ta zuwa gida.