Kafaran da Ya Gauraya Iri

An yi wani mutum a wani ƙauye bisa dutse, tsakanin Deule da Buza. Ba zan kama sunansa ba, don jikokin danginsa suna nan da rai, wataƙila ma wani yana zaune cikinku. Kafaran, wato kofur, mutanen garin ke ce masa, saboda ya yi soja wajen Faransa har ya samu igiya a hannun riga.

Ya 'yan uwa, ku kasa kunne da kyau. Mutumin nan bai fara da mugunta ba. Da alheri ya fara, kuma abin da ke ba ni tsoro ke nan.

Can a barikin Turai, wani Bature da suke gadi tare ya ba shi labarin wani mutum a ƙasar Rasha. Ya ce lokacin babban yaƙin farko sojan sarkin ƙasar sun gaji, talakawa suna wuni da yunwa. Sai mutumin ya taso, ba shi da gadon sarauta, ya yi musu alkawarin abinci da gona da ƙarshen yaƙi. Kafin shekara ta zagayo ƙasar tana hannunsa. Wani in ya ji wannan labari, tausayin mayunwata ne zai kama shi. Kafaran abu guda ya riƙe: ashe in tsoro da yunwa suka haɗu wa mutane, mai baki yana iya hawa kansu.

Ya dawo gida shekarar da Jamus ta ci Faransa. Ya tarar an matsa wa ƙasa lamba. Yau kumandan, Baturen da ke mulkin yankin, yana son hatsi, gobe shanu, jibi mazaje don aikin hanya. Bayan girbi sai ga gardi biyu, dogaran kumandan, da jajayen huluna, suna buɗe rumbuna. Ba su tsaya kan hatsin ci ba, har dammunan iri suka fara jawowa. Maigari tsoho ne, ya sunkuyar da kai.

Kafaran ya shiga ɗaki, ya sa tsohuwar rigarsa ta soja, ya fito ya tsaya gabansu. Ya yi musu Faransanci kamar ruwa. Ya ce in suka kwashe iri, baɗi me kumandan zai karɓa? Ya ce shi da ƙafarsa zai je bariki ya faɗi sunayensu. Gardi suka dubi juna, suka mayar da dammunan. Mata suka rangaɗa guɗa.

Wallahi ranar ya yi aikin lada. Da nan ya tsaya, da yau addu'a muke yi masa.

Amma ya ɗanɗana guɗa, ta yi masa daɗi. Zaman fada ya tashi daga ƙofar maigari ya koma gindin gawon ƙofar gidansa. Samari suka kewaye shi, abin da ya ce shi ke nan. Mai rigimar iyakar gona wurinsa, mai ɓatan akuya wurinsa. Shi kansa kumandan ya gane wanda garin ke jin maganarsa, sai ya riƙa aiko saƙo gare shi kai tsaye.

Ran nan ya tara jama'a. Ya ce irin kowa a kawo shi rumbu guda, shi zai tsare, ba gardin da zai taɓa. Mutane suka ce madalla. Ya ƙara da cewa daga yau babu mai dami goma, babu mai dami ɗaya. Za a sussuke duka, a haɗa, in ruwa ya sauka a auna wa kowa daidai da tiya. Ya ce haka aka yi a ƙasar da talakawa suka ƙwaci kansu.

Ku da kuka tashi da hauya a hannu kun riga kun ji inda ɓarnar take. Kowane gida da irinsa, wanda kakanni suka zaɓa zangarniya bayan zangarniya. Mai gona bisa dutse gero yake shukawa, mai saurin nuna, don ƙasarsa ba ta riƙe ruwa. Mai gona a kwari shi ke iya jiran maiwa. A zangarniya kowa ya san su. In an sussuke an gauraya, wa zai zauna ya rarrabe?

Yana da wa, uwa ɗaya uba ɗaya, ana ce masa Rabo. Mutum ne marar yawan magana, ko birnin Tawa bai taɓa zuwa ba. Shi ne ya miƙe.

Ya ce, "Kafaran, tara iri ka tsare, mun yarda. Amma kar ka sussuke. Ka bar kowane dami da igiyar mai shi. Maiwa ba ta nuna bisa dutsen ga, kai ma ka sani, tare muka yi noma bayan Baba."

Kafaran ya sani. Na rantse muku ya sani, don cikin ransa ya ji gaskiyar ta soke shi. Amma ga samari suna kallonsa, ga mata sun leƙo ta darni. Ya ce a ransa, yau ya janye magana don wanda bai taɓa ganin jirgin ruwa ba?

Ya yi dariya ya ce, "Yaya, ka zauna. Duniyar da ka sani ta ƙare wajen rijiyar garin ga."

Samari suka bushe da dariya. Rabo ya zauna. Aka kawo turame, kwana uku ana sussuka.

Rabo bai kai irinsa duka ba, ya ɓoye dami guda. Aka tsegunta wa Kafaran, ya sa aka fito da damin aka sussuke a bainar jama'a. Sati bai cika ba kumandan ya aiko yana son mazaje goma don fasa dutse a hanyar mota. Da can maigari ke zaɓe. Yanzu Kafaran ne. Ya fara da sunan wansa.

Matar Rabo, Delu, ta zo ta durƙusa gabansa, ta ce mijinta yana da ciwon ƙirji. Ya kawar da kai, ya ce doka ba ta san wa da ƙane ba. Ya 'yan uwa, wace doka? Wa ya kafa ta in ba zuciyarsa ba?

Ruwa ya sauka, aka auna wa kowa da tiya, aka shuka. Shuka ta fito kore shar, Kafaran yana zagaya gonaki da sanda ana yi masa barka. Sai damina ta ɗauke da wuri. Geron da ke ciki ya nuna, tsilli-tsilli. Maiwar ta tsaya da tsawonta, ba kai, har ta bushe a tsaye. Gonar da ke ba da dami arba'in ta ba da goma sha biyar. Gardi kuwa suka dawo, ba su rage ko dami ɗaya cikin abin da aka yanka wa garin ba. Kafaran ya sake sa rigar soja, ya yi Faransancinsa. Wannan karon ko kallonsa ba su yi ba.

Cikin mazaje goma, takwas suka dawo. Rabo ba ya ciki. Suka ce tari ya kama shi, suka binne shi a gefen hanya.

Yunwa ta shigo. Aka ci dusa, aka ci ganye, aka haƙa gidan tururuwa ana neman tsaba. Gidaje suka ɗaura kaya suka yi kudu, ƙasar da Ingilishi ke mulki. Yara ƙanana suka fara mutuwa, wani gida biyu, wani gida uku. Samarin gindin gawo suka watse. Matar Kafaran ta kwashi 'ya'yanta ta koma garinsu, Urno. Ba wanda ya zage shi, ba wanda ya ɗaga masa hannu. Gaisuwa kawai suka daina.

Da ruwan farko na sabuwar damina ya sauka, waɗanda suka rage suka fita da ɗan irin da suka roƙo wajen dangi. Kafaran ba shi da ko ƙwaya. Ya rame har rigar sojan tana yawo a jikinsa. Ya ja ƙafa gida gida, kunya ta hana shi sallama, har ya tsinci kansa a ƙofar Delu. Ita ashe ta soke zangarniya biyar cikin rufin ɗaki tun kafin a zo neman damin, ta shuka su a bayan gida, ta sami iri tsantsa.

Ta fito ta gan shi. Sannan ta ɗebo cikin ƙoƙo ta zuba masa a tafin hannu biyu.

Ta ce, "Geron Rabo ne. Shi bai taɓa hana maƙwabci iri ba. Ba don kai na ba ka ba."

Ya nufi gonarsa. Mutane suna dama da hagu suna shuka. Ya kai tsakiyar hanya, ƙamshin geron ya bugi hancinsa. Ya tsuguna. Mutumin da ya ce a ba shi irin gari duka ya tsare, ya kai hannu baki, ya cinye irin ɗanye, yana tauna yana kuka, kowa yana gani. Ba a kai noman fari ba ya mutu. Mutum huɗu suka ɗauki gawarsa.

To, me ya kashe Kafaran? Ba kumandan ba ne, ba fari ba ne. Kalma guda ce ta gagare shi a gaban mutane: "Yaya, ka yi gaskiya." Girman kan da ya fitar da Iblis daga rahama shi ne ya zaunar da Rabo a taron nan. Kai da aka ba ka riƙon gida, ko unguwa, ko masallaci, ka tambayi kanka: yaushe rabon da wani ya ce maka ka yi kuskure, ka ce na gode? In ka daɗe ba ka ji ba, ba don ba ka kuskure ba ne. Ka kori masu faɗa maka ne.

Ya Allah, kada ka ɗora mu kan mutane sannan ka bar mu da zukatanmu. Ka jiƙan Rabo da yaran da suka tafi a shekarar nan. Girman kai da cin amana, Allah ya kiyaye mu da su, mu da zuriyarmu. Amin.