Ɗinkin Buhun Albasa

Arzika maƙwabcina ne, shekara ashirin shina ɗinke bakin buhun albasa a kasuwar Malanville. Mutum ne na kirki, sai dai in ka ce mai "ba ka iya ba", to ka taɓo wuta.

Ɗiyarshi Nafisatu tana aji ukku a lakwal, makarantar boko. Yarinya ce mai kunya, ko gaisuwa sai ka kasa kunne. Bana malamarsu Madam Aicha ta zaɓe ta ta zama giwan ruwa cikin wasan ƙarshen shekara, babban kifin da masunta za su kama. Anka ce kowane yaro gidansu su ɗinka mai kayan wasa. Sati guda yarinyar nan tana haddar maganarta bayan ɗaki.

Uwarta Hawa ta ce a kai wa Harouna tela. Arzika ya ce shi da ya tsufa da basilla a hannu ba ya kai wa wani ɗan ƙyallen yarinya. Na ce mai albasa dai ba ta rawa, ya ce in hita in bar mai gidanshi.

Ya sawo shuɗin yadi, ya yanka gida biyu, ya haɗa da zaren buhu. Tun daga wuya har wutsiya ɗinki guda ya yi, irin wanda ya saba. Shi ko ɗinkin buhu, da gangan ake barin jelar zare a ƙarshe, don mai saye ya ja sau ɗaya baki ya buɗe. Hannun Arzika ya bar jelar, kanshi bai sani ba.

Ranar wasa filin lakwal ya cika, har iyaye daga Madécali sun zo bisa moto. Nafisatu ta hito tana iyo da hannuwa, muryarta ta hita tar, anka yi tahi. Arzika na zungurina shina ce mini ina tela. Sai ta juya baya. Na ga zare na lilo ƙasan wutsiya, shi ma ya gani. Dariya ta bar bakinshi.

"Na-Allah," ya ce mini a hankali, "wanga zare in anka ja shi..."

Ya tashi shina ratsa mutane, ana ce mai ya zamna ya tare gani. Masunta ukku sun riga sun kewaye kifi. Ya ɗaga hannu, ya kira sunanta, ganga ta danne. Saura taki biyar ya kai, ƙaramar cikinsu ta kai hannu ga wutsiya, ta kamo zaren, ta ja.

Rigar ta buɗe har wuya, ta zube gida biyu. Nafisatu ta tsaya da ɗan kamfai gaban lakwal duka. Yara sunka kwashe da dariya. Madam Aicha ta cire mayahinta ta ruhe ta, ta hidda ta.

Har yau in yara sun gan ta sai su ce Buhu. Da anka koma lakwal ta ce ba ta zuwa. Arzika ya durƙusa gabanta shina lallashi, ta dube shi ta ce, "Baba, ai Inna ta hwaɗa maka."

To jama'a, iya abu ɗaya ba iya komi ba ne. In ba ka sani ba, ka tambayi wanda ya sani, ko da ka girme shi. Girman kai kai ka ɗauka, amma sau da yawa ɗanka ne za ya sha kunyar.