Maƙwabciyar da Ke Ɗaure Kaya a Mota

Ku matso, mabiya shafina. Wannan ba "an ce" ba ne, da idona na gani, idon nan da ke hango allura cikin rairayi ba tabarau. Bencina a ƙofar shagon yake, ko ƙuda ya shiga sai ya gaishe ni.

Akwai wata mai kitso, ana ce mata Hannun Sanyi, don ko yaro mai rigima ta kama wa kai sai ya ɓingire da barci. Ƙanwarta mai karatun kwamfuta ta buɗe wa shagon shafi a intanet, ta maƙala ɗan akwatin hira a gefe. Ba a tambayar suna, ba a tambayar lamba. Ka rubuta, nan take ta gani a wayarta. Ka rufe shafin, hira ta goge kamar an wanke allo.

"Yaya, wasu kunya ke hana su tambaya," in ji ƙanwar.

"Wasu kuma rashinta zai kawo su."

Ba ta yi ƙarya ba. A makon farko har wani ya tambaya nawa ake yi wa sanƙo kitso. Ba ni ba ne, ku daina kallon hulata.

Wata rana da hantsi waya ta yi ƙara. Ɗigo uku suna rawa, alamar ana rubutu. Su tsaya. Su dawo. Su sake tsayawa. Mai wankin kai, abokiyar aikinta, ta leƙo.

"Share shi, ɗan zaman banza ne."

"Ɗan zaman banza ba ya goge abin da ya rubuta. Bari mu gani."

Can sai ga saƙo: "A yi haƙuri da damu. Maƙwabciyata ce ke tambaya. Gashin yarinya ya cukurkuɗe, mataji ba ya shiga."

Hannun Sanyi ta amsa: "Ta kawo ta shago mana."

"Tun da uwarta ta rasu ba ta yarda mata su taɓa mata kai. Kakarta na zuwa ƙarshen mako. Ta ce in ta same ta haka, da ita za ta tafi."

Hannun Sanyi ta ja kujera ta zauna. Ta rubuta a jiƙa gashin da ruwa da mai, a riƙe tushe, a fara tajewa daga baki. Sannan a raba uku, a riƙa ɗora na gefe kan na tsakiya.

Amsa ta zo: "Kamar igiyar ɗaure kaya a bayan mota? A ja a tamke?"

Mai wankin kai ta faɗi kan kujera don dariya.

"Wace maƙwabciya ce ke ɗaure kaya a mota? Ƙato ne, direba ma. Ce masa mun gano shi."

Hannun Sanyi ma dariyar ta zo mata har wuya, amma ta haɗiye. Ta san in ta faɗa, zai rufe shafin, kuma ba ta da suna ko lambar da za ta bi shi da su. Sai ta rubuta:

"A gaya wa maƙwabciyar haka ne, kamar igiya. Amma kan yarinya ba buhun siminti ba ne, ta sassauta hannu. Ta fara gwadawa da igiyar tukuna."

Kullum da safe sai ya dawo. Akwatin bai san shi ba, amma ita ta san shi da "a yi haƙuri da damu".

"Yarinyar ta yi kuka."

"A ba ta madubi ta riƙe, a riƙa yi mata hira."

Ɗigon suka daɗe suna rawa.

"Maƙwabciyar ma ta yi kuka."

"Ba komai. Hawaye ba ya ɓata kitso."

Daga nan shiru. Ƙarshen mako ya zo ya wuce. Hannun Sanyi tana kitso tana satar kallon waya, har wata da take yi wa kitso ta ce, "Baiwar Allah, kunnena kike kitsawa."

Sai ran nan babbar mota ta tsaya. Wani ƙato ya sauko, tafin hannunsa kamar faranti, riƙe da 'yar yarinya. Kitson kanta a miƙe sarai kamar an sa ma'auni. Ya tsaya a ƙofa yana murza hula, ya ce mataji mai manyan haƙora yake nema.

Hannun Sanyi ta durƙusa gaban yarinyar.

"'Yan mata, wa ya yi miki kitso mai kyau haka?"

"Babana. Kaka ta zo za ta tsefe, na ƙi. Ta daɗe tana kallon hannun Baba, sai ta ɗauki jakarta ta tafi ita kaɗai."

Gumi ya keto wa direba. Mai wankin kai ta buɗe baki, Hannun Sanyi ta taka mata ƙafa. Ta miƙa masa matajin.

"A gaida maƙwabciya."

Ya sunkuyar da kai. "Za ta ji. Ta ce Allah ya rufa miki asiri."

Yarinyar kuwa ta matso, ta kamo hannun mai kitson ta ɗora a kanta.

"Anti, taɓa ki ji. Ba zafi."

To, abu ɗaya ni na ƙara gishiri: miƙewar kitson nan. Ina! A karkace yake, kamar hanyar mai kauce wa ramuka. Amma yarinya na gidan ubanta.

Darasi: Ba duk mai ɓoye suna ne mugu ba, wani kunya ce ta lulluɓe shi, buƙata ta turo shi. In ka gane shi, ka ba shi amsa, ka bar masa mayafinsa. Ku tura wa 'yan'uwa, wataƙila akwai mai tambaya a baki yana jin nauyin furtawa.