Kujerar Leokadia a Gayyar Gashi

Akwai wani manomi a wani ƙauye na gabashin Poland, sunansa Zenon, wanda matarsa Leokadia ta rasu ana tsakiyar tonon dankali. Ta bar masa 'ya ɗaya, Irena, da aka riga aka sa ranar aurenta bayan bikin Ista. Ta kuma bar buhunan gashin tsuntsun dinya a rataye ƙarƙashin rufin ɗaki, tarin shekaru, don bargon amarya.

A ƙauyen, amarya ba ta shiga gidan miji babu bargon gashi da matasan kai. Ko an yi mata uzuri a gaban idonta, a bayan idonta ba za a yi ba.

Shi kuwa gashin ba a ɗura shi a bargo yadda aka fige shi. Sai an bi shi ɗaya bayan ɗaya, a yage lallausan daga jikin tsinken. Gayya ce ta mata, da hunturu: yau gidan wannan, gobe gidan waccan. Wadda ba ta zauna a gidajen mutane ba, ba a zuwa nata. Irena kuma a masaƙar birni take aiki, sai ƙarshen mako take zuwa gida.

Ranar da aka buɗe gayya a gidan Pani Genowefa (Pani a harshensu kamar a ce Uwargida ne), tsohuwar da ke tsara zagayen, sai ga Zenon a bakin ƙofa, hula a hannu.

"Rufe ƙofa, maƙwabci, iska za ta kwashe mana aiki," in ji Genowefa. "Wa kake nema?"

"Kujerar Leokadia."

Matan suka dubi juna. Genowefa ta dubi hannunsa.

"Da waɗannan yatsun? Kowanne kamar dankalin da aka manta a gona."

"Su nake da su, Pani."

"Ba kai ne ka sako mana tsuntsun gwara ta taga ba kana saurayi, ya watsa mana gashi, har muka wuni muna tsintar gashi a cikin miya?"

"Ni ne. Don Leokadia ta fito ta zage ni na yi."

"Ta kuwa zage ka."

"Ba ta daina ba har ta koma ga Allah."

Aka matsa masa wuri a benci.

Da farko ɓarna ya yi ta yi. Ya yi atishawa, gashin kan teburi ya tashi sama. Ya bar guntayen tsinke a cikin tarinsa, Genowefa ta tsamo su ta jera masa a gabansa. Amma mutum ne mai kallon hannun mutane. A hankali ya gane gashin ƙirji, wanda ba shi da tsinke, mai kama da hayaƙi, shi ne mai riƙe ɗumi. Ya gane na agwagwa ya fi nauyi, kuma yana tashin ƙarni in ya ji danshi. Ya koyi dunƙule gashi a hannu ya saki: mai kyau yakan tashi ya cika tafi, tsoho ko matacce yakan kwanta inda aka bar shi.

Maza a ƙofar kanti ba su ƙyale shi ba.

"Pani Zenon, yau gidan wa za a? Ka manta ɗankwalinka."

"Can akwai shayi da kek," yakan ce. "Ku me kuke sha a nan ban da sanyi?"

Ya wuce abinsa, farin gashi maƙale a girarsa.

Da zagaye ya kai rabi, sai wata sabuwar amarya ta tambayi inda ake ajiye bargo in zafi ya shigo. Genowefa ta amsa ba tare da ta ɗaga kai ba.

"Gashi numfashi yake yi, 'yata. Buhun yadi, wuri busasshe mai iska. Da safe ki girgiza shi, ki rataya a taga a inuwa. Kada ki buge shi da sanda, ba kafet ba ne. Leda kuwa kabarinsa ce."

Yatsun Zenon suka tsaya.

Tun can baya, bayan jana'izar Leokadia, ya ga ɓera ya huda buhu ɗaya. Tsoro ya kama shi, ya juye gashin duka a buhunan leda na taki da ya wanke, ya ɗaure bakinsu tam, ya sauke su ɗakin ƙasa kusa da dankali. Har yabon kansa ya yi a lokacin.

Da aka tashi bai tsaya shan shayi ba, ya wuce gida, ya sauka ɗakin ƙasa. Tun kafin ya gama kwance igiyar farko warin ya gaya masa. Gashin ya cure, ya yi baƙin fumfuna. Abin da ya tsira bai cika matashin kai ɗaya ba.

Ya daɗe zaune a kan matakala. Sannan ya tashi ya ba shanu ciyawa.

Ran Asabar ya gaya wa Irena. Ta dafa kafaɗarsa ta ce, "Baba, bargon kanti ma bargo ne." Ta ɗauki bokiti ta tafi tatsar nono, ta daɗe fiye da yadda tatsa ke ɗauka.

Ya gaya wa Genowefa a bakin ƙofarta bayan kowa ya watse.

"Ba sai an zo gidana ba, Pani. Babu abin yagewa."

Ta saurari labarin har ƙarshe.

"Kai da ɓera, ɓera ya fi ka tausayi. Shi huda ɗaya ya yi." Ta gyara mayafinta. "To, ka huta ke nan. Gobe ka koma wurin 'yan'uwanka a ƙofar kanti."

"Gobe gidan Pani Stefania ne. Idonta ya yi rauni, ga jika za ta aurar."

"Ba mai biyanka da komai."

"Na sani."

Ya je gidan Stefania. Ya je wanda ke biye, da wanda ke bayansa, har gidan ƙarshe, yana yage gashin da 'ya'yan wasu za su rufa da shi. Ba wadda ta tayar da maganar buhunansa. Zolaya dai ba a rage masa ko kaɗan ba.

Asabar ɗin da ya kamata a ce tasa ce, yana gyara murhu, Irena tana feraye dankali, aka buga ƙofa. Genowefa ce a gaba, sauran matan a bayanta, kowacce rungume da rigar matashi a ɗaure, dusar ƙanƙara a kafaɗunsu.

"Buɗe da sauri, maƙwabci, sanyi."

"Pani, ai na ce miki babu..."

"Ba aiki muka zo yi maka ba. Ƙara muka kawo. Gashin da hannunka ya yage, duk tsinke ne. Ba wadda za ta sa shi a bargon 'yarta ya tsokane mata suruki. Mun ware maka kayanka, ka san yadda za ka yi da shi."

Suka jibge a kan teburi. Stefania ta zaro yadin bargo mai matsattsiyar saƙa daga hammatarta, ta fara neman inda haske ya fi.

Irena ta goge hannunta, ta kwance ɗaya, ta zura hannu har gwiwa. Ta lalube, ba ta ji tsinke ko ɗaya ba. Ta ɗebo, ta dunƙule, ta saki. Gashin ƙirji ne zalla, ya tashi fari tas ya cika mata tafi.

Ta dubi mahaifinta. Shi kuwa hancinsa ya fara motsi, idonsa ya ciko.

"In ka yi atishawa a nan," in ji Genowefa, tana zura zare a allura, "waje za ka."

Darasi: Alherin da ka ci gaba da yi bayan ka san ba abin da zai dawo maka, shi ne mutane ba sa mantawa. Haka kuma ƙauna ba ta isa ta adana abu sai da sani, don haka kafin ka ajiye abu mai daraja, tambayi waɗanda suka san shi. Ku tura wannan labari ga wani da kuka san yana riƙe da kujerar wani a cikin haƙuri.