Ba a Ɗaure Ƙafar Mota a Sama

Akwai wani bawan Allah da abokan aikinsa suka laƙaba wa suna Na-gane. Injiniya ne a wata masana'anta, kuma maganar gaskiya kansa na ja. Matsalarsa ɗaya: ba ya barin mutum ya kai ƙarshen zance. Kana buɗe baki zai ce, “Na gane, na gane,” ya ƙarasa maka sauran. Abin haushin ma, sau da yawa yakan canka daidai, shi ya sa bai taɓa ganin laifin kansa ba.

Mahaifinsa bakanike ne, shekara arba'in yana kwanciya a ƙarƙashin motocin mutane. Mutum ne mai kaifin harshe, wanda bai iya yabo ba. Ko aiki ya yi kyau, iyakarta ya ce, “To, ba laifi,” ya wuce. Na-gane ya girma yana jiran kalmar da ta fi wannan, bai samu ba, har ya haƙura.

Sai ga ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kada Baba. Hannun dama ya mutu, ƙafa tana ja, baki ya yi nauyi. Kalma ɗaya sai ya yi ta kokawa da ita kafin ta fito. Na-gane ya ɗauko shi ya dawo da shi gidansa.

Ranar da za a sallame su daga asibiti, likita ta ja Na-gane da matarsa gefe. Matar malamar makaranta ce, kowa Malama yake ce mata.

Likita ta ce, “Magani zai yi nasa, amma bakin nan sai da aiki. Kullum ku sa shi magana, a kan abin da yake so. In ya gaji ya daina gwadawa, maganar za ta iya tafiya ke nan.”

“Na gane,” in ji Na-gane, tun kafin ta rufe baki.

Shi ne ya tuna da tsohuwar motar Baba, wata shuɗiya mai dogon hanci da fitilu zagayayyu. Shekara goma sha ɗaya tana ajiye a bayan tsohon gidansu. Tayoyi sun nutse a ƙasa, ɓeraye sun cinye kujeru, har wata kaza ta mai da wurin zaman direba ɗakin ƙwai. Ya sa aka jawo ta zuwa garejin gidansa. Ya ajiye kujera mai hannu kusa da ƙofa, inda iska ke shigowa.

Ya ce wa Malama, “Ni zan yi aikin, Baba ya riƙa ba da umarni. Kin ga magana ta samu.”

Tsakani da Allah, niyyarsa mai kyau ce.

Duk Asabar da Lahadi, da yammacin da ya dawo aiki da wuri, yana gareji. Ya sauke inji, ya wargaza shi kaf. Kowane noti da gwangwaninsa, kowane gwangwani da rubutu a jiki. Ya wanke fistin ɗaya bayan ɗaya, ya canza ringi, ya kankare tsatsa har yatsunsa suka farfashe. Abin da ya shige masa duhu, ya duba a waya.

Baba yana kan kujerarsa, sanda a hannun hagu, idonsa kamar ba shi ne mara lafiyan ba. Zai nuna wani abu ya fara, “Wan… wancan…”

“Na gane, Baba, gaskit ɗin ko? Na sayo sabo.”

Baba zai haɗiye sauran maganar ya gyaɗa kai.

Wata rana Malama ta kawo musu shayi, ta tsaya tana kallo. Da suka keɓe ta ce, “Wai kai da Baba, wa likita ta ce ya yi magana? Ni muryarka kaɗai nake ji.”

Ya yi dariya. “Sauƙaƙa masa nake yi. Ba ki ga yadda yake wahala ba?”

“Wahalar ce ai maganin.”

“Na gane,” ya ce, ya koma wurin aikinsa.

Bayan wata huɗu inji ya tashi. Ya yi tari, ya fesa hayaƙi, sannan ya daidaita yana bugawa a hankali. Maƙwabta suka leƙo suna sa albarka. Daga ranar kan Na-gane ya ƙara girma, da ƙyar yake shiga ƙofar garejin.

Sai aka zo aikin ƙafa, wato ƙarafan da ke riƙe tayoyi. Ya ɗaga motar ya ɗora ta a kan ƙarafan tokara, tayoyi huɗu suna reto. Ya sa sabon sifirin da sabon shokazoba, masu rage wa mota jijjiga. Ya cire tsofaffin bushin, wato robobin da ke riƙe mahaɗar ƙarafan ƙafa, ya buga sababbi. Saura ɗauri. Ya ɗauko doguwar sifana ya shiga ƙasa.

Sandar Baba ta bugi siminti.

“Kar… kar ka…”

“Kar na bar shi sako-sako. Na gane, Baba.”

Sandar ta sake bugawa, da ƙarfi. Bakin Baba ya karkace, jijiyar wuyansa ta miƙe, gumi ya tsattsafo masa a goshi. “Sai… sai ka…”

“Sai na sa mai? Waɗannan ba a sa musu.”

Baba ya girgiza kai, ya sake jan numfashi zai gwada a karo na uku. Ranar zafi ake yi, Na-gane ya gaji, tsatsa ta faɗa masa a ido. Ya turo kansa waje ya ce, “Baba, don Allah ka huta. In na tsaya jiranka, motar nan sai ta ƙara shekara goma. Zamaninku daban, namu daban. Ka bar min kawai.”

Baba ya dube shi na ɗan lokaci. Ya rufe bakinsa, ya dogara sanda, ya ja ƙafa ya shige cikin gida. Na-gane ya ɗaure notinsa tamau, ɗaya bayan ɗaya.

Tun daga ranar Baba bai ƙara leƙa gareji ba. A gaishe shi, ya ɗaga hannu. A tambaye shi, ya gyaɗa kai ko ya girgiza. In yana son ruwa, ya nuna kofi. Na-gane ya ce fushin tsufa ne, zai wuce.

Da suka koma asibiti, likita ta yi ta jan Baba da hira, ko uffan. Ta ajiye biro ta dubi ɗan.

“Wancan zuwan yana haɗa kalma huɗu, biyar. Me ya faru a gida?”

Malama ta kawar da kai. Na-gane ya ce babu komai. Amma a hanyar dawowa ya riƙa satar kallon mahaifinsa ta madubi, tsoro ya fara shigarsa.

Ita kuwa mota, da aka sauke ta sai ta tsaya cirko-cirko, gabanta ya ɗaga kamar mai ɗage. Na-gane ya ce sabon sifirin ne, zai kwanta. Ya riƙa zagawa da ita unguwa. Sati uku ba su cika ba ta fara kuka, ƙiii a kowane rami, daga baya har da ƙwanƙwasa. Da ya leƙa ƙasa, sababbin robobin nan duk sun yayyage.

Ya cika ya yi fam. Ya kwashe su a leda ya nufi shagon da ya saya. Mai shagon dattijo ne, tsohon abokin Baba.

“Jabu ka sayar min,” in ji Na-gane, ya zube su a kan kanta.

Dattijon ya sa tabarau, ya ɗauki ɗaya ya juya ta a hannu, ya bi yagewar da yatsa.

“Motar tana sama ka ɗaure su?”

“To da a ina zan ɗaure?”

“Zauna, ɗana.” Ya tura masa benci. “Roba ce, inda ka ɗaure ta nan take ɗauka mazauninta ne. Ka ɗaure tayoyi na reto. Da ka sauke motar, nauyi ya hau, sai ta murɗe tun kafin a je ko'ina. Kowane rami kuma ƙara murɗa ta yake, dole ta yage. Ana sa noti ne sama-sama, a sauke motar ta zauna da nauyinta, sannan a ɗaure.”

Dattijon ya cire tabarau.

“Ni ma babanka ne ya koya min, da zagi ma kuwa. Yana zaune a wurin bai faɗa maka ba?”

Na-gane ya tuna sandar nan tana bugun siminti, ya tuna gumin goshin Baba. Kunya ta rufe shi, har ya kasa haɗa ido da dattijon. Ya karɓi wasu sababbin robobi ya fito.

Yana isa gida ya durƙusa a gaban Baba ya ba shi haƙuri. Ya faɗi duk abin da ya faru, bai rage ba. Baba ya dafa kansa da hannun hagu, alamar ya yafe. Amma bai yi magana ba. Washegari ma haka, jibi ma haka.

Malama ta ce masa, “Yafiya ka samu. Abin da ya rasa shi ne yarda cewa in ya fara za a jira shi. Wannan kuma ba da baki ake mayarwa ba.”

Wannan karon ya saurare ta har ta gama.

Ranar Asabar ya sake ɗaga motar. Ya buga sababbin robobi, ya sa noti da yatsa kawai, ya ajiye sifana a ƙasa. Ya je ya roƙi Baba ya fito. Baba ya ƙi. Na-gane ya bar motar a sama sati guda cur bai taɓa ta ba. Asabar ta gaba Malama ta lallaɓa tsohon, ta riƙo shi har kan kujerarsa.

Na-gane ya jawo tsohuwar taya ya zauna a gabansa.

“Baba, ga ta nan. Noti ko ɗaya ba zan taɓa ba sai abin da ka ce. Ko zuwa yamma ne ina nan.”

Baba ya kalli motar, ya kalli bango. Shiru ya yi tsawo. Shayin da Malama ta kawo ya huce a kofi. Nan ne jarrabawar take, don yanzu Na-gane ya san amsar sarai. Tana kan harshensa, ƙaiƙayi take masa. Ya danne hannuwansa a tsakanin gwiwoyi ya zauna.

Can, bayan kusan awa guda, leɓen Baba ya motsa.

“Sau…”

Ya tsaya. Ya dubi ɗansa, yana jiran a ƙwace masa. Ba a ƙwace ba.

“Sau… sauke… ta.”

“To, Baba.”

Ya sauke ta a kan katakai masu kauri, yadda zai sami wurin shiga ƙasa. Ya dawo ya tsaya.

“Gir… giza.”

Na-gane ya danna gaba ya saki, ya danna baya ya saki, har motar ta zauna.

“Nau… yi. Mutum… ciki.”

Wannan ko mai shago bai faɗa ba. Na-gane ya juya zai kira Malama ta shiga, sai ya ga Baba ya dogara sanda yana ƙoƙarin miƙewa. Shi da Malama suka kama shi, suka zaunar da shi a mazaunin direba. Ya ɗora hannunsa mai lafiya a kan sitiyari, ya gyara zama.

“Yan… zu. Ɗaure.”

Na-gane ya kwanta a ƙasa ya fara ɗauri. Baba ya ce a tayar da inji ya ji, Malama ta murɗa masa makulli. Ya saurara na ɗan lokaci, ya sa ta kashe. Daga ƙasa Na-gane ya ji muryar tsohon tana saukowa ta ƙofar da ke buɗe.

“Injin… nan…”

Sifana ta tsaya a hannunsa. Ya san muryar nan tun yana yaro, gyara ne ke tafe. Bakinsa ya buɗe zai ce zai sake dubawa. Ya cije leɓe.

“Da ka… haɗa…”

Shiru. Baba yana haki. Malama ta miƙa masa ruwa, ya ture.

“Ko ni… a ƙu… ƙuruciyata…”

Wani dogon shirun.

“Ban… kai… nan ba. Ka… iya.”

Na-gane yana da shekara arba'in da uku, bai taɓa jin wannan daga bakin mahaifinsa ba. Hawaye suka gangaro ta gefen idonsa suka shige kunne, bai ko iya sharewa ba saboda baƙin man da ke hannunsa.

Malama ta sunkuyo ta ce, “Ka gama ne?”

“Saura ɗaya,” ya ce.

Babu notin da ya saura. Ya daɗe a kwance a wurin kafin ya iya fitowa.

Darasi: Wanda bakinsa ya yi nauyi ba hankalinsa ne ya tafi ba. Ƙarasa wa mutum magana ba kullum taimako ba ne, wani lokacin ƙwace ne, kuma abin da za ka katse yana iya zama abin da ka daɗe kana son ji. In kana da tsoho, ko mara lafiya, ko mai in'ina a gida, yau ka zauna ka jira shi ya kai aya da kansa. Ku tura wa 'yan uwa wannan labari, musamman wanda kuka san ba zai karanta har ƙarshe ba.