Gwajin da Abdulfatahi Ya Goge

Abdulfatahi mai rubuta manhaja ne a Kontagora. Yana da ƙwaƙwalwa, amma girman kai da son jiki sun yi masa katutu. Gani yake duk abin da hannunsa ya rubuta ya wuce a duba.

Wani ƙaramin asibiti ya ba su aikin manhajar ajiye bayanan marasa lafiya, shi da abokiyar aikinsa Rebeka. Ita ce ke rubuta gwaje-gwaje. Takan cusa wa rumbun bayanan sunayen ƙarya ta ga ko zai ajiye kowa a gurbinsa. In ya yi daidai allon ya nuna kore, in da kuskure ya nuna ja.

Ana jibi za su miƙa aiki, gwaji ɗaya ya yi ja.

"Oga, duba nan," in ji Rebeka. "Da suna da ranar haihuwa ka sa rumbun yake gane mutum. Mutanenmu na ƙauye kuwa da yawa ba su san ranar haihuwarsu ba, ɗaya ga Janairu ake rubuta musu. In suna ya zo ɗaya, bayanin na biyun sai ya danne na farkon."

Ya yi tsaki. "Ke dai akwai neman magana. Yaushe hakan za ta faru?"

Gyaran bai fi aikin rabin yini ba. Amma tana fita cin abinci sai ya goge gwajin, allon ya koma kore tas. Da ta dawo ya ce mata ya gyara, ko kunya babu.

Bayan wata biyar aka kawo Na'ima Hussaini daga Salka da ciwon ƙirji. Tun farko an rubuta cewa jininta ba ya karɓar allurar fanisilin. Sai dai wata Na'ima Hussainin daga Mashegu ta yi rajista bayanta, ranar haihuwar da aka rubuta musu ɗaya ce, sai gargaɗin ya shafe. Aka yi wa ta Salkan allurar. Ba ta kai la'asar ba.

Da asibitin ya kira Abdulfatahi da Rebeka, mijin marigayiyar, Ɗan'azumi, yana zaune a benci, riƙe da tsohon katinta na takarda, gargaɗin a kai da jan biro.

"Malam, kai ka yi na'urar?" ya tambayi Abdulfatahi. "Na nuna musu wannan, suka ce kwamfuta ta fi takarda sani."

Rebeka ta dubi Abdulfatahi da ƙyama. "Rabin yini fa, Oga," ta ce, ta koma can ƙarshen bencin ta zauna.

Darasi: gwajin da ya yi ja gaskiya yake faɗa maka, goge shi ba ya goge kuskuren. Kowane layi a rumbun bayanai mutum ne mai iyali. Wanda ya ɓoye aibin aikinsa don ganda, wani bawan Allah ne zai ɗauki nauyin.