Malam Lukuman da Gonar Gyaɗar Baba Jatau

Akwai wani malamin lissafi, Malam Lukuman, da ya koyar a makarantar elemantare ta Tsafe wajen shekarar 1956. Yana ji da kansa ƙwarai, domin in ɗalibansa suka fara rera "biyu sau biyu huɗu", har bakin hanyar Funtuwa ana jiyo su.

Wata rana mai duba makarantu ya zo daga Gusau. Ya saurari haddarsu, sannan ya ce, "Awaki shida, ƙafafunsu nawa?"

Yanzun nan yaran suka gama rera shida sau huɗu, amma babu wanda ya ɗaga hannu.

Mutumin ya ce, "Malam, waƙa ka koya musu. Zan dawo bayan wata uku. In haka na tarar, ajin nan zai koma hannun wani."

Labari ya kai kunnen Baba Jatau, wani tsoho mai gona a bayan makaranta. Ya zo ya ce, "Malam, gobe zan shuka gyaɗa. Ka ara mini yaran nan."

Malam Lukuman ya so ya ƙi. Me wanda bai taɓa riƙe alli ba zai koya musu? Amma ba shi da wata dabara, sai ya yarda.

Da safe Baba Jatau ya nuna musu kunya bakwai, ya ce kowace su yi mata rami takwas. Suka duƙa suna tonawa suna ƙirgawa.

Can wata ɗaliba, Wasila, ta ɗago, hannu duk ƙasa. Ta ce, "Malam, ashe hamsin da shidan nan ramuka ne. Ni na ɗauka magana ce kawai da ke bin bakwai sau takwas."

Shekara tara Malam Lukuman yana koyarwa, sai ranar ya gane yaro ba ya riƙe lamba sai ya ga abin da take nufi. Daga nan aji ya cika da tsakuwa, karan dawa da ƙwallon goruba, yara suna ƙirga da su.

Da mai duba makarantu ya dawo, ya gaji da tambaya yaran ba su gaji da amsa ba.

Malam ya nufi gona, ya durƙusa gaban tsohon. "Baba, ka rufa mini asiri. Allah ya saka maka da alheri."

Baba Jatau ya yi murmushi. "Tashi, Malam. Hannunsu ne ya koya musu. Kai dai ka riƙa ba su abin taɓawa."

Darasi: Yaro yana fahimtar abin da ya gani ya taɓa fiye da abin da ya haddace, kuma kada ka raina ilimin wanda bai shiga aji ba. Ku tura wa malamai da iyaye, ku kuma yi wa wanda ya taɓa fahimtar da ku addu'a.